Abubuwan Da Muka Gani A Gefen Hanyar Fagam

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, amma mutanen da suka yi wannan magana da ƙafa su ke tafiya, ko bisa jaki, ko bisa doki. Wanda ke tafe a ƙasa ba ya wuce kuka sai ya shaida ta, ba ya wuce rijiya sai ya ɗanɗani ruwanta, in kuwa ya sauka wani gari ba ya tashi sai ya ji sunan wanda ya sare shi. Yau mota ta zo ta naɗe ƙasa kamar tabarma. Mutum ya karya kumallo a Kano, ya yi sallar azahar a Gwaram, in ka tambaye shi abin da ya gani a hanya sai ya ce maka ƙura da ramuka. To, wane ilmi wannan tafiya ta buɗe masa?

Saboda haka mu ke so mu ba 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu labarin waɗansu 'yan abubuwa da muka gani tsakanin Kano da Fagam, cikin ƙasar Gwaram, kudancin Jihar Jigawa, inda aka tura mu koyon aikin koyarwa. Ba manyan gine-gine ba ne, ba kuwa abin da a ke biyan kuɗi a shiga kallo ba. Abubuwa ne da ke yashe a gefen hanya, rana na dukansu, awaki na hawansu. Abin da ya sa muka gan su shi ne motar da aka ba mu tsohuwa ce, direbanta kuwa ya fi ta tsufa, ba ya gudu, in ruwan injin ya tafasa sai ya tsaya a inuwa. Sannu ba ta hana zuwa, mu kam har ta ƙara mana da gani.

Mun fara da Wudil, inda a ke cin babbar kasuwar shanu ran Juma'a. Mota ba ta yin minti guda a kan gadar garin, saboda haka ba safai mutum ya kan tuna akwai kogi a ƙarƙashinsa ba. Amma in ka leƙa ta taga ka ga mashigin da mutane da dabbobi su ke gangarawa, ka san nan ne aikin masu fito ya ke a zamanin da babu gada. Da damina fatake su kan sauke kaya a gaɓa su jira jirgi, ko su jira ruwa ya janye, mai gaggawa da marar gaggawa duk ɗaya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, har ruwan kansa ya zama ana sakinsa da awo. Kogin da dā ya ke ba mutane umurni, yanzu shi a ke ba.

Bayan mun wuce Wudil motar ta nemi hutu na fari. Muna sauka sai muka ga wani guntun siminti ya karkace cikin ciyawa, tsawonsa bai wuce gwiwa ba, da alamar lamba a jikinsa ta kusa shafewa. Wani yaro mai kiwo ya ce musu su turken Nasara su ke ce da shi, nan su kan ɗaure akuya. Direba ya yi dariya, ya ce dutsen mil ne. A zamaninsa direba ba ya cewa ya lalace kusa da gari kaza, sai ya aika a ce yana mil kaza, makaniki kuwa ya zo daidai wurin ba tare da tambaya ba. Har garuruwa da tashoshi sun sami suna ta wannan hanya. Mil guda yadi 1760 ne, mil 5 kuwa ya yi daidai da kilomita 8. Daga Kano zuwa Birnin Kudu wajen mil 80 ne. Kakanninmu da zango su ke awo, watau tafiyar yini guda, jakai da kaya su kan yi kamar mil 15, don haka abin da muka yi tsakanin hantsi da azahar su kwana biyar ko shida su ke yi. Wannan ɗan dutse shi ne iyaka tsakanin zamanin zango da zamanin agogo, ga shi kuma shi ma kilomita ta zo ta ture shi.

Kada ku ce Turawan Ingila suka ƙago wannan dabara. Kalmar mil ta mutanen Rum ce na dā, ma'anarta taku dubu, ana lissafa ɗaga ƙafa biyu taku ɗaya. Sarakunan Musulmi ma sun yi. Halifa Abdulmalik ɗan Marwana, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, ya sa an kakkafa duwatsun mil a hanyoyin Sham, har yau ana tono su da sunansa a jiki. Zubaida matar Haruna Rashid kuwa ta sa an gina rijiyoyi da tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, hanyar nan kuma har gobe da sunanta a ke kiranta. Duk mai mulkin da ya so ya riƙe ƙasa sai ya auna hanyarta, duk wanda ya so a tuna da shi da alheri sai ya shayar da matafiyanta.

Can gaba kaɗan, bayan wata tasha, akwai gawar wata babbar mota, ba taya, ba inji, ƙaya ta fito ta cikinta. Direba ya rage gudu, ya ce, "Malamai, ku dubi motar can da kyau, me kuka gani?"

Muka ce, "Baba, sitiyarinta a dama ya ke."

Ya ce, "Madalla. Wannan ta girmi iyayen waɗansunku. Ina yaron mota aka juya hannu."

Ya ba mu labari, muka kuma tarar haka ya ke a rubuce. Dā motocin Nijeriya ta hagun hanya su ke bi, kamar na Ingila. Ran Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka koma bin dama, gama maƙwabtanmu duka, Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey, dama su ke bi, motocin kaya kuwa kullum suna ƙetare iyaka. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. Ya ce makon nan kowa a tsorace ya ke tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, sai da masu motocin haya suka toshe ƙofar hagu suka huda ta dama, don kada su riƙa sauke fasinja a tsakiyar titi. Ku duba, doka guda aka yi a Ikko, ga shaidarta kwance cikin ƙaya a ƙasar Kano.

Abin da ya fi yawa a hanyar nan, wanda kuma ba a kula da shi, itatuwa ne. A wurare da dama za ka ga maɗatai manya a jere, tsakanin kowane da ɗan'uwansa daidai wa daida. Itacen daji ba ya jeruwa haka. Waɗannan dasa su aka yi zamanin En'e, aka ɗora wa mutanen ƙauyuka ban ruwa da shinge, ba kuwa da son ransu duka ba. Wani abin sha'awa, a wani wuri sai ka ga jerin itatuwan ya rabu da kwalta, ya ratsa cikin gona, ya yi gwiwa, sa'an nan can gaba ya komo. Wannan ita ce tsohuwar hanya. Da aka zo shimfiɗa sabuwa aka miƙe ta, itatuwan kuwa suka tsaya inda aka sa su, suna yi wa gero inuwa maimakon matafiya. Gindinsu duk ya sha sassaƙa, gama ɓawon maɗaci magani ne. Dalbejiya kuwa, wadda yanzu kowane yaro ya ke tsammani tun fil azal ta ke nan, baƙuwa ce, asalinta ƙasar Hindu, a 1928 aka fara dasa ta a Barno. In ka ga dalbejiya komi girmanta, ka san ba ta ga zamanin yaƙi ba. Kuka da tsamiya da rimi su ne 'yan gari.

Muka bi ta Takai. Mai wucewa a mota zai ɗauke ta gari kamar kowane gari, amma ba haka ba ne. Littafin tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, ya gina gida a nan. A nan kuma Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya zo ya kafa sansani a 1893, sa'ad da aka naɗa Tukur, har abin ya zama Yaƙin Basasa. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko, ƙanensa Aliyu Babba ya ja rundunar ya shiga Kano a 1894. Hanyar da muka biyo muna gyangyaɗi cikin mota, ta wannan fuska dawakin Yusufawa suka nufi birni.

Wurin hutunmu na biyu bakin wata rijiya ne, a wani ɗan ƙauye kafin Kwanar Huguma. Rijiya ce ta kankare, bakinta ya kai ƙugu. Abin da ya tsai da mu shi ne igiyar guga ta ci simintin, ta yi masa kwari-kwari, har yatsa na nutsewa ciki. An rubuta shekara a jiki tun simintin na ɗanye, ana ganin 194, lambar ƙarshe kuwa igiya ta cinye. Wani dattijo na zaune a gindin tsamiya yana tufka. Muka durƙusa muka ce, "Sannu da hutawa, Baba."

Ya ce, "Yauwa, samari, sannunku da zuwa. Ƙishirwa ce?"

Muka ce, "A'a, Baba, tambaya ce. Wa ya gina rijiyan nan?"

Ya ce, "En'e ta kawo siminti da magini, iyayenmu suka kawo ƙarfi. Mahaifina na cikin waɗanda suka shiga ramin. Kafin a yi ta, ruwan tafki a ke sha. Da damina ta faɗi, lokacin da a ke bukatar kowa a gona, sai ka ga rabin gari kwance da kurkunu. Ku ba ku san shi ba, Allah kada ya sa ku san shi."

Lalle ba mu san shi ba, gama tun 2008 ba a ƙara samun mai kurkunu a Nijeriya ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Yanzu akwai famfon burtsatse a ƙauyen, rijiyar ta zama ta dabbobi. Amma da muka sa yatsu cikin kwarin nan, sai muka yi ta lissafin guga nawa aka ja kafin igiyar kaba ta ci siminti haka, da hannuwa nawa, yawancinsu na mata da 'yan mata, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Shekarar da magini ya rubuta ta goge, rubutun da masu jan ruwa suka yi shi ya tabbata.

Sa'an nan muka isa Birnin Kudu, mazaunin Sarkin Kudu, garin da kwalejinsa ta yaye mutane da yawa da suka yi suna a ƙasan nan. Nan muka roƙi direba ya ba mu sa'a biyu, gama abin da ke cikin duwatsun garin ya fi duk abin da muka baro tsufa. Ku da kuka taɓa wucewa kun ga manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an ɗora su da hannu. A ƙarƙashin waɗansu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe da Dutsen Murufu, akwai zane a jikin dutse, an yi shi da jan launi da fari da baƙi. Yawancinsa shanu ne. Da fari ido ba ya kama su, sai ka tsaya ka natsu, sa'an nan ka ga ƙaho, ka ga baya, ka ga ƙafafu.

Wani daga cikinmu Bafillace ne, ya tashi cikin garke. Shi ya fara magana, ya ce, "Kai, shanun nan ba su da tozo!" Haka ne kuwa. Waɗansu masu dogayen ƙahoni ne, waɗansu gajeru, amma duk bayansu a shafe. Bunaji da rahaji da mu ke gani yau duk masu tozo ne. Marasa tozo sai ka je bakin tafkin Cadi ka ga kuri, ko ka gangara kudu ka ga muturu. Ashe kuwa an yi zamani da irin shanun da ke kiwo a ƙasan nan dabam ne da na yanzu, masu su kuma sun ƙaunace su har suka zauna suka zana su. Akwai irin wannan zane a Geji kusa da Bauchi, akwai a Shira, akwai kuma mai yawan gaske a duwatsun Tassili cikin hamadar Aljeriya.

Kusa da zanen akwai wani abin mamaki kuma, watau duwatsu masu amo. In ka ɗauki ɗan dutse ka buga, sai ka ji ƙara kamar ta kuge, in ka matsa gefe ka buga sai muryar ta sāke. Wuraren da a ke bugawa sun lotsa sun yi santsi kamar cikin ƙoƙo, abin da ba ya yiwuwa cikin shekara goma ko hamsin. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952, shi ya ba duniya labarin duwatsun nan bayan ya zo Birnin Kudu a 1955, daga nan aka shiga neman irinsu a wurare dabam dabam, aka kuwa samu. A littattafai a kan ce shi ya gano su. Amma yaran garin sun daɗe suna kiɗa a kansu kafin ya zo. Abin da ya yi wanda ba a riga an yi ba shi ne ya auna, ya zana, ya tambaya, ya rubuta. Saboda rubutun nan ne hukuma ta sa wuraren cikin kayan tarihin da doka ta tsare. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ƙasa ta fara tudu da kwari, duwatsu na ƙaruwa. Nan muka koyi karanta kuka. In ka hangi kukoki goma ko ashirin sun taru wuri guda a tsakiyar gonaki, ba gida ko ɗaya kusa, to, kufai ne. Muka sauka a ɗaya. Ƙasar wurin toka-toka ce, cike da katangar tukwane, ga rabin dutsen niƙa ya lotse har ya kusa hujewa. Ta gefe kuma wani dogon tudu ya kewaya, da rami a bayansa wanda ya kusa cikewa. Ganuwa ce. Manomi ya shuka wake a kanta.

Mutum ba ya tara ƙasa haka don wasa. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano shi da jama'arsa saboda rikicin haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Daga nan har shekara hamsin da 'yan kai kudancin Kano bai yi barci da ido biyu ba. Ningawa su kan fito su kai hari su koma duwatsu, sarakunan Kano kuwa, musamman Abdullahi Maje Karofi wanda ya hau gado a 1855, suka yi ta kai musu yaƙi. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ita ce bakin dāga. Abin bai kwanta ba sai da Turawa suka ci Ningi a 1902, suka ci Kano a 1903. Da tsoro ya kau, mutane suka fita daga bayan ganuwa suka bi gona da ruwa, daga baya kuma suka bi hanyar mota. Yau mutumin Gwaram da mutumin Ningi kasuwa ɗaya su ke ci, suna auren juna. Wannan alheri ne, amma wanda bai san ganuwar nan ba ba zai san girman alherin ba.

A wani gari kafin mu kai Gwaram muka ga wani tsohon ɗaki mai rufin kwano ya yi tsatsa, da dandamalin siminti a gabansa, da ƙarfe biyu a kafe inda a ke rataya sikeli. Kantin gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗin haraji da na aure da na riga. Daga irin wannan dandamali a ke loda buhuna a kai Kano, a tara su dala-dala, aikin da Alhasan Ɗantata ya yi suna a kai kafin rasuwarsa a 1955. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Wani yaro ya nuna mana kwabo mai huji da ya tsinta a wurin, ya rataya shi a wuya. Bai san kwabo 12 ne sule ba, sule 20 ne fam, balle ya san ran 1 ga Janairu 1973 aka mai da fam guda naira 2. Bayan kantin kuma akwai bakunan rijiyoyin marina, wajen goma, an cika su da shara. Baba ya tafi, gyaɗa ta tafi, dandamali da ramuka suka rage.

Har sunayen wurare ma kayan tarihi ne, su ne kuwa ba a iya sacewa. Inda duk ka ji Zango, fatake sun sauka nan. Inda ka ji Bariki, Joji ya kwana nan sa'ad da ya ke rangadi. Kwana da Tasha mota ta haife su, ba wanda ya san Kwanar Huguma kafin a yi abin da ke shan kwana. Ga Gwaram guda biyu, Tsohuwa da Sabuwa, sunan kaɗai ya isa ya sa yaro ya tambayi kakansa dalili. Ƙasar nan dā ta Kano ce, tun 27 ga Agusta 1991 ta zama Jigawa, yau tana ƙarƙashin masarautar Dutse, amma sunayen ba su bi kowa ba, suna nan inda aka bar su.

Da la'asar sakaliya muka isa Fagam, duwatsunta sun tare gabas da kudu. Masu ilmin ƙasa sun ce duwatsun Fagam da na Dutse da Birnin Kudu da Shira da Ningi, har zuwa na Jos, dangi ɗaya ne, irin waɗanda a ke samun kuza a cikinsu, sun kuma ƙiyasta shekarunsu kusan miliyan 200. In ka ji haka sai ka ga mai zanen shanun nan ma ɗan jiya ne. A cikin gari muka ga abubuwan da kowannenmu ya sani a garinsu amma bai taɓa tsayawa ya duba ba: dakali a ƙofar gida wanda zama ya goge har yana ƙyalli, da turken doki a bakin wani zaure, kansa ya yi santsi don gogar igiya. Dokin ya daɗe da tafiya. Babur ne a jingine a wurin, mai shi kuwa ya ɗaure shi da sarƙa a turken nan na kakansa.

To, jama'a, ga inda maganar ta ke. Abubuwan nan ƙarewa su ke yi, ba kuwa sannu a hankali ba. Direba ya ce dā turakun ƙarfe na wayar tangaraho a jere su ke a hanyoyi da yawa, mu ba mu ga ko ɗaya ba, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe, gawar motan nan ma kwananta ya kusa. Maɗaci guda buhun gawayi ne mai yawa. Ƙasar ganuwa ta fi kowace kyau wajen yin tubali. In an zo faɗaɗa hanya, katafila ba ta san dutsen mil ba. Injin fasa dutse kuwa bai san dutse mai amo da marar amo ba, duk tsakuwa ce gare shi. Ba mu ga laifin mai neman abinci ba, ba kuwa cewa mu ke a bar hanya ƙunci don a tsare itace ba. Amma abin da ba a san darajarsa ba ba a yi masa ciniki, kyauta a ke ba da shi. Dattijon bakin rijiyan nan kuwa, ran da ya kau, wa zai faɗi abin da ya faɗa mana?

Mun gwada wani abu a ajin da aka ba mu a Fagam. Muka ce kowane yaro ya kawo sunan abu guda da ya girmi ubansa, wanda ya ke wucewa tsakanin gida da makaranta, ya kuma tambayi wani babba labarinsa. Yaran da in an tambaye su shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa su kan sunkuyar da kai, ran nan sai da muka raba su faɗa don kowa na so a ji nasa. Wannan ya kawo kuka, wannan kushewa, wannan maƙera, wata yarinya ta kawo dutsen niƙan kakarta. Da muka ce musu 1914 aka yi haɗewar nan, sai wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko kukarsu ta riga ta. Muka ce ta riga ta nesa. Daga ran nan shekarun da ke cikin littafi suka sami wurin zama a kansu, gama sun sami abin da za su jingina su.

Saboda haka ga roƙonmu. Hutu ya matso, kowa zai kama hanyar garinsu, waɗansu Katsina, waɗansu Zariya, waɗansu Haɗeja, waɗansu har Maraɗi. Kowa ya nemi wurin zama kusa da taga, ya ajiye wayarsa cikin aljihu sai in hoto zai ɗauka. In ya isa gida ya zaɓi abu guda, ya yi masa abin da Baturen nan ya yi wa duwatsun Birnin Kudu: ya rubuta sunansa da inda ya ke, ya auna tsawo da faɗi, ya zana shi, ya tambayi tsofaffi biyu ko uku, ba ɗaya ba. Ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka faɗa masa, gama gani ya kori ji, amma ji ma yana da ranarsa. Ya gai da mai gari ya gaya masa abin da ke ƙasarsa, don in masu katafila sun zo a sami mai cewa a dakata. Sa'an nan ya kawo takardar a ba edita. In mu ɗari muka yi haka, shekara guda mun sami littafin da babu irinsa a kanti, mu ne kuwa za mu koyar da shi gobe.